Ɗanyen Makulli

Shekara ashirin da biyu ina yankan makulli
a bakin Taminus, gefen masu dankali.
Ka ba ni ɗaya, in ba ka goma,
kowanne da haƙoran uwarsa.
Ban san akwai mai irin sana'ata a cikin jikina ba.

Jini na je bayarwa, matar ƙanena na kan gwiwa.
Suka ɗiba, suka duba,
suka ce, Malam Tanimu, zauna tukuna.
Ciwon hanta.
Ni da ko zazzaɓi ban yi ba duk daminar.

Kangyang ce a tagar magani, can asibitin Lamingo.
Ta ga baƙin ƙarfe a faratana, ta tambayi aikina.
Da na faɗa sai ta ajiye biro:
"Ai kai ka riga ka gane.
Ƙwayar nan ba ta da shago, ba ta da rumfa.
Ɗakin hantarka take shiga
ta yi ta kwafar kanta da kayan aikinka,
dubu kan dubu, ba ta biyan haya.
Maganin kuwa ɗanyen makulli ne na bogi,
kamarsu ɗaya da na gaske.
Ta ɗauka, ta ɗora a inji,
haƙori ya cije, aiki ya tsaya cak."

Na ce, wato kashe ta yake?
Ta girgiza kai. "Haihuwa yake hana ta.
Uwar makullin na nan ɓoye a lungun hanta.
Ranar da ka daina sha, ranar za ta koma aiki,
kuma da fushi take dawowa."

Makon farko na ji jiki.
Zuciya na tashi, ƙamshin masa ya zama abokin gaba,
kai na sara kamar zarto a kan tagulla,
ciki ya yi ta ƙugi a sahun Azahar
har na kusa da ni ya waigo.
Sahura ta ce bari ta dafo mini saiwa.
Na ce a'a, an gargaɗe ni,
hanta ba ta son baƙi biyu a dare ɗaya.
Kafin wata ya mutu abin ya lafa.

Ita da yara an gwada su, an yi musu allura.
Ni kuwa duk wata shida kwalba biyu ta jini,
ɗaya don hanta, ɗaya don ƙoda,
domin mai gadin gona ma yakan taka shuka.

A bencin jira na san mutane.
Wata tsohuwa daga Bukur,
ƙuraje sun yi mata ɗamarar wuta a haƙarƙari.
Nata na kwana bakwai ne,
an ce gara da ta zo da wuri.
Wani direban tirela yana shan nasa
tun kafin a haifi 'yarsa,
ga ta yau a aji uku, jininta tas.
Ba mu tambayi juna sunan cuta ba.
Kwalabe kawai ke kacau-kacau a aljihunmu.

Ilu mai faci, mura ta kama shi,
ya ce in sam masa ƙwaya ɗaya.
Na ce, Ilu, kowace ƙofa da makullinta.

Bayan Isha, sanyin Jos na leƙowa ta ƙarƙashin ƙofa,
nakan ɗauki ƙwayar, ƙarama kamar wake,
in haɗiye da ruwan ɗumi.

Jiya wani yaro ya kawo makullin babur.
Na ɗauko ɗanye, ashe ba nasa ba ne,
inji ya cije, ya tsaya cak.
Da can tsaki zan yi.
Yaron ya tsaya yana kallona,
bai san abin da ya ba ni dariya ba.